Yadda Muka Koyi Feɗe Magana

Cikin dukan darussan da aka ɗora mana bana a wannan kwaleji, babu wanda ya sake mana kunne kamar darasin insha'i, musamman sashen nan nasa inda a ke koya wa mutum ya ɗauki jawabin wani, ko wasiƙarsa, ya feɗe shi gaɓa gaɓa, ya nuna ta wace ƙofa mai maganar ya bi har ya shiga zuciyar masu sauraronsa. Tun da ya ke Edita ya ba 'yan ajinmu fili, mun ga ya kamata mu bayyana wa ƙannenmu da za su shigo ajin baɗi abin da ke jiransu, mu kuma shaida wa yayyenmu da suka riga suka fita aiki abin da muka tsinta, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a duniya. Wani masani na Girkawa, Aristotal, wanda ya rayu daga shekarar 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya wallafa littafi a kansa, ya nuna ƙofofi uku ne mai magana ya ke bi in yana so a yarda da shi. Ta fari ita ce mutuncinsa shi kansa, watau ya sa masu ji su ga shi mutum ne abin amincewa. Ta biyu ita ce zuciyar masu ji, watau ya motsa tausayinsu, ko fushinsu, ko tsoronsu, ko kunyarsu. Ta uku ita ce hujja, watau dalilin da hankali ba ya iya turewa. Darasin insha'i kuwa irin wanda mu ke yi, a manyan makarantun Amurka ya yi ƙarfi. Jami'ar Harvard ta fara jarraba masu neman shiga da rubutun insha'i a 1874, sa'an nan a 1885 ta wajabta darasin a kan 'yan shekarar farko, sauran makarantu suka bi sawu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da yawancin jawaban da aka ba mu mu feɗe suka kasance na mutanen can.

Amma akwai wasu daga cikinmu da suka taɓa zama gaban malaman zaure kafin su zo nan, suka ji an karanta Uƙudul Juman na Shaihu Suyuɗi, ko Jauharul Maknun na Shaihu Ahdari. Su ne suka fara cewa ai wannan balaga ce aka sa mata wando. Sun kuwa yi gaskiya, domin malaman balaga sun daɗe da koyarwa cewa magana ba ta cika sai ta dace da halin da a ke ciki, har suka raba masu ji kashi uku. Wanda bai san kome ba game da labari, sai ka ce masa, baƙo ya iso. Wanda ya ke kokwanto, sai ka ce, lalle baƙo ya iso. Wanda ya ke musu kuwa, sai ka haɗa masa da rantsuwa. Labarin ɗaya ne, mai ji ne ya sake, magana ta sake dominsa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasinmu.

Tun ran farko malaminmu ya kafa mana doka, ya hana mu abu uku. Ya ce kada wanda ya maimaita masa abin da jawabi ya faɗa, domin shi ma ya karanta. Kada wanda ya gaya masa ko ya yarda da mai jawabin ko bai yarda ba, domin ba shari'a a ke yi ba. Kada kuma wanda ya cika masa takarda da yabo, ya ce jawabi ya yi daɗi, ya yi armashi, domin wannan aikin maroƙi ne. Da muka ji haka sai muka dubi juna, don in an ɗebe waɗannan uku, me ya saura mutum ya rubuta? Ya ce abin da ya saura shi ne aikin. Kafin alƙalami ya taɓa takarda, sai mu amsa tambaya biyar: wa ke magana, da wa ya ke yi, a wane lokaci, me ya ke so su yi ko su bari in ya gama, me kuma ya tare masa hanya zuwa gare su. Wannan ta ƙarshe ita ce uwa, domin ruwa ba ya tsami banza. Duk wata dabara da ka gani cikin jawabi, akwai wani shinge da aka yi ta domin a tsallake shi.

Muka fara da ɗan gajeren jawabi, wanda Shugaban Amurka Abraham Lincoln ya yi ran 19 ga Nuwamba 1863 a Gettysburg, wajen buɗe maƙabartar sojan da suka mutu a gwabzawar da aka yi nan cikin Yuli na shekarar, lokacin yaƙin basasarsu. Babban mai jawabi na ranar, Edward Everett, ya yi wajen sa'a biyu yana magana. Lincoln ya tashi ya yi kalma kamar 270, cikin minti biyu ko ɗan fiye. Malam ya ce mu nemo abin da babu cikin jawabin kafin mu nemi abin da ke akwai. Muka duba, sai ga shi bai ambaci sunan abokan gaba ba, bai ambaci Kudu ko Arewa ba, bai ambaci kalmar bauta ba, ko sunan garin da ya ke tsaye bai faɗa ba, bai kuma ce ni ba ko sau ɗaya, sai dai mu. Sa'an nan ya buɗe da ƙidayar shekara 87 baya. Wani mai son lissafi cikinmu ya ɗebe 87 daga 1863, ya sami 1776, shekarar da suka shelanta 'yancin kansu da takardar da ta ce mutane duka daidai su ke, ba 1787 ba, shekarar da aka rubuta tsarin mulkin da ya bar bauta a wurinta. Ashe da lissafi kaɗai mutumin ya zaɓa wa ƙasarsa ranar haihuwa, ya kuma gaya wa jama'a abin da 'ya'yansu suka mutu dominsa, ba tare da ya ta da gardama a bakin kabari ba. Daga ranar muka san shirun mai magana ma abin karantawa ne.

Babban aikin zangon kuwa shi ne wasiƙar da Martin Luther King ya rubuta ran 16 ga Afrilu 1963 daga kurkukun Birmingham, ta jihar Alabama a Amurka, ba ta Ingila ba. Ga yadda abin ya faru. A zamanin nan dokokin garin sun raba baƙar fata da farar fata a wuraren cin abinci, da makarantu, da wuraren shaƙatawa. King da jama'arsa suka shiga jerin gwano ba da makami ba, kotu ta hana, suka ƙi bari, aka kama shi ran 12 ga wata. A ranar kuma shugabannin addini takwas na jihar, dukansu farar fata, bakwai Kirista ɗaya malamin Yahudawa, suka fitar da wata gajeriyar sanarwa, jarida ta buga. Suka ce jerin gwanon ba hikima a cikinsa, kuma ba lokacinsa ba ne, baƙi ne daga waje su ke zuga shi, a koma kotu da shawara, suka kuma yaba wa 'yan sanda. Aka kai wa King jaridar a ɓoye, ya fara amsa a gefen shafinta, don ba shi da takarda, har amsar ta kai kusan kalma 7,000.

To, da tambayoyin nan biyar muka shiga. Mai magana ɗan kurkuku ne, wanda aka kira baƙo mai ta da fitina. Waɗanda ya ke amsa wa ba masu jifa da duka ba ne, dattawa ne masu ganin kansu masu adalci, a bayansu kuma akwai dubban mutane irinsu da za su karanta. Shingen da ke gabansa shi ne, sun riga sun yanke cewa shi mai gaggawa ne, mai karya doka. Mai irin wannan matsayi in ya fara da zafi, ya tabbatar da zargin da a ke yi masa ke nan. Shi ya sa ƙofar mutunci ya fara bi. Ya kira su 'yan'uwansa a aikin addini, ya ce ya ɗauke su mutanen kirki ne shi ya sa ya ke amsa musu. Zancen baƙunci kuwa, ya warware shi da abin da ba a musu: shi ne shugaban wata ƙungiya mai cibiya a Atlanta, tana da reshe a Birmingham, reshen ne ya gayyace shi. Sai da ya kafa wannan tukuna ya kawo misalin Bulus, wanda ya bar garinsu ya kai saƙo nesa. Muka lura mutanen da ya ke kafa hujja da su, irin su Agustin da Toma Akwinas da masanin Yahudawa Martin Buber, duk waɗanda dattawan nan suka karanta ne a makarantunsu na addini. Watau da ma'aunin gidansu ya auna musu hatsi, don kada su ce mudun baƙo ne.

Ƙofar hujja ita ce ta fi ba mu aiki, domin nan ne zargi ya fi nauyi. Yaya mutumin da ya ke kira a bi hukuncin Kotun Ƙoli na 1954, wanda ya haramta raba makarantu, zai juyo ya karya wata doka? King bai kauce wa tambayar ba, shi da kansa ya ɗauko ta ya ce tana da dalili. Sa'an nan ya raba doka biyu, mai adalci da marar adalci, ya ba da alamar gane ta biyu: dokar da masu rinjaye su ke ɗora wa wasu alhali su ba ta hau kansu ba, da dokar da aka yi wa mutanen da aka hana su zaɓen masu yin ta. Ya kawo shaida daga jihar kanta, inda akwai gundumomin da baƙar fata suka fi yawa amma ko ɗaya ba a rubuta shi cikin masu jefa ƙuri'a ba. Ya ƙara da sharaɗi, cewa mai karya irin wannan doka ya karya ta a fili, ya kuma yarda da horon da zai biyo baya. Nan muka ga amfanin wurin da ya ke zaune, domin kurkukun da aka yi nufin ya zama abin kunya gare shi, shi ya zama shaidar cewa ya cika sharaɗin da ya kafa.

Amma abin da ba za mu manta ba shi ne wata jimla guda, wadda ta haura kalma 300. An ce masa ya jira, sai ya amsa da jera abubuwan da mutanensa su ke gani, kowanne ya fara shi da kalmar sa'ad da, bai kawo ƙarshen zance ba sai can ƙasa. Malam ya sa ɗayanmu ya tashi ya karanta ta da ƙarfi. Kafin ya kai tsakiya numfashinsa ya ƙare, mu kuma duk mun ƙosa mu ji inda za ta sauka. Malam ya tambaye mu, me ku ke yi yanzu? Muka ce jira mu ke yi. Ya ce to, ku rubuta wannan. Mutumin bai gaya wa dattawan nan jira da ciwo ba, sa su ya yi suka ɗanɗana. Da muka koma muka duba jerin, sai muka ga wani abu kuma. Ya fara da manyan masifu, kisa da dukan 'yan sanda, sa'an nan ya gangaro zuwa 'yarsa mai shekara 6 da ya rasa yadda zai gaya mata ba a barin irinta shiga wurin wasan yara, da mutum ya kwana cikin mota don babu masaukin da zai karɓe shi, da a ƙi kiran matarka da mahaifiyarka da sunan girmamawa. Mun yi gardama a kan dalilin wannan jeri, muka tsaya a kan cewa mai karatu yana iya cewa kisa aikin wasu miyagu ne can, amma kowane uba ya san idon 'yarsa. Daga nesa ya ɗauko zancen ya kawo shi har tsakar gidansu.

Ganin dabara abu ne, rubuta ta wani abu ne dabam. Tsarin da aka koya mana shi ne, a buɗe da bayanin hali a taƙaice, sa'an nan a faɗi magana guda wadda dukan insha'in zai tsaya a kanta, irin wadda wani zai iya musantawa. In ka ce King ya yi amfani da mutunci da tausayi da hujja, ba ka ce kome ba, don kowane mai jawabi haka ya ke yi. In kuwa ka ce ya jinkirta zafinsa ne da gangan har sai da ya karɓe sunan mai haƙuri daga hannun masu zarginsa, to, ka ɗauki kaya, sai ka kai su. Kowane sakin layi kuma ƙafa uku gare shi kamar murhu: abin da ka ke da'awa, da wurin da ka gan shi cikin jawabin, da bayanin aikin da ya yi a kan masu ji na ranar. Ta ukun nan ita ce mai wuya, kuma a kanta jan alƙalamin malam ya fi sauka, da 'yar tambayarsa ta kullum, to, sai me? Faɗin sunan dabara, a ce wannan kamance ne, wannan maimaici ne, kamar mutum ne ya san sunan kowane ƙarfe a maƙera amma bai san abin da a ke ƙerawa da shi ba. Kowane insha'i sau uku mu ke rubuta shi, tsakanin na fari da na biyu kuwa sai mu yi musayar littattafai, kowa ya ja layi ƙarƙashin duk inda ɗan'uwansa ya koma ba da labari.

Da muka gama da wasiƙar muna murna, sai malam ya miƙo mana sanarwar dattawan nan takwas, ya ce ita ma a feɗe ta, da ladabi ɗaya da ma'auni ɗaya. Ajin ya yi gunaguni, don zukatanmu suna wajen ɗan kurkuku. Amma doka ta riga ta kafu, ba a tambaye mu wanda muka fi so ba. Da muka duba da idon basira, sai muka tarar su ma gwanaye ne. Ba su zagi kowa ba. Sun yarda mutane sun gaji da jira. Kalmominsu duk masu sanyi ne, zaman lafiya, da bin doka, da hankali, irin waɗanda ba mai iya tashi ya ce ba ya son su. Da kiran masu jerin gwano baƙi, sun ba mutanen gari hanyar janyewa ba tare da kunya ba. Mai karanta jarida a safiyar nan, wanda bai san abin da zai faru ba, bai san za a kafa dokar haƙƙin jama'a a 1964 ba, lalle zai iya ajiye ta ya ce dattawa sun yi magana. Wannan ya tsorata mu fiye da kome, domin mun gane da muna can, da wannan sanyin bakin zai iya kwantar da mu.

Daga nan gardama ta tashi a ɗakin kwananmu, ta kwana biyu ba ta mutu ba. Wasu suka ce wannan ilmi yana ɓata wa mutum jin daɗin magana, ya mai da shi mai zargin kowa, har wa'azi ma ya zauna yana ƙidayar dabaru. Wasu suka ce ai mahauci ya fi kowa sanin naman kirki, sanin gaɓa bai hana shi cin tsire ba. Abin da yawancinmu muka tsaya a kai shi ne, gwaninta ba ita ce gaskiya ba, ba kuwa ita ce ƙarya ba. King gwani ne, dattawan nan ma gwanaye ne. Feɗewa ba ta gaya maka wa ke da gaskiya, amma tana ware maka abin da aka tabbatar da hujja daga abin da aka sa ka ji a jika kawai, ta nuna maka abin da aka yi shiru a kansa. In an ware su, sa'an nan hankali ya sami wurin zama ya yi hukunci. Mun kuwa ga wasiƙar ta ƙara girma a idonmu bayan feɗewa, domin da muka ɗebe zaƙin bakin, hujjar tana nan tsaye. Sanarwar kuwa da muka ɗebe nata, sai muka iske ba ta amsa tambaya guda ba, watau har yaushe za a jira.

Ya ku 'yan'uwa, dalilin da ya sa muka tsawaita shi ne, mu malamai za mu zama. Yaran da za a danƙa mana ba za su rasa masu yi musu magana ba. Mai neman ƙuri'a zai yi musu, mai tallan magani zai yi musu, rediyo da wayar hannu za su yi musu dare da rana, wani da gaskiya wani da daɗin baki, yawanci kuwa a gauraye. Ba za mu iya bin kowane yaro muna tace masa abin da zai ji ba. Abin da za mu iya shi ne mu ba shi tambayoyin nan biyar ya tafi da su. Ba kuwa sai an jira ya iya Turanci ba, domin mutanenmu ba baƙin wannan fanni ba ne. Dubi dillali a kasuwar shanu yadda ya ke yi wa mai saye magana dabam, mai sayarwa dabam. Dubi dattijon da aka aika neman aure, yadda ya ke fara kafa asalin gidansu kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Dubi mai sulhu tsakanin manomi da makiyayi, yadda ya ke zaɓen abin da zai ambata da abin da zai bari. Duk ƙofofin nan uku suna nan a bakinsu, ko da ba su taɓa jin sunan Aristotal ba. Yaron da aka koya wa ya saurari waɗannan ya faɗi yadda suka yi, ya kama hanya.

Ga ƙannenmu masu shigowa, shawararmu kaɗan ce. Ku karanta jawabi sau uku kafin ku rubuta kome, sau ɗaya da ƙarfi. Ku nemi labarin ranar da aka yi shi, domin jawabin da aka raba da ranarsa kamar kifi ne a tudu. Ku yi wa wanda ba ku so adalcin da za ku yi wa wanda ku ke so. In jan alƙalami ya yi yawa a littafinku, kada ku karaya, sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu kunnen ji da hankalin rarrabewa, ya sa abin da muka koya ya amfani waɗanda za mu koyar, amin.

'Yan Aji Biyu